Allunan Rakiyar Amarya

Jindabyne,
15 ga Yuli, 2001.

Zuwa ga matata Glenys,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Yaya Beryl? Ina fatan ƙarfen da aka sa mata a ƙugu ya zauna daidai, kuma ta rage yi wa masu jinya tsawa. Mu nan lafiya lau, ni da kare, gidan ma yana nan a tsaye duk da abin da kika yi hasashe ranar da za ki tafi. An kwana uku ana zuba dusar ƙanƙara a kan dutse, gari ya cika maƙil da 'yan Sydney waɗanda ba su iya ɗaura wa taya sarƙa ba.

Na ɗauki biro ne saboda kin ce in na bugo waya ba na bari kowa ya sa baki. To ga labari, ki karanta a zaune. Kin dai san 'yarmu Kirrily da Callum sun kafe sai a kan dutse za a ɗaura aurensu ranar 18 ga Agusta, a ɗan filin nan na ƙasan gangaren zamiya mai shuɗiyar alama inda kika saba zama da filas ɗin shayi kina jiran mu. Abin da ba ki sani ba shi ne, ranar Laraba ta zo ta zaunar da ni a kicin ta ce ba da ƙafa za ta iso wurin ba. Daga can sama za ta gangaro a kan allunan zamiya, da rigar amarcinta, ni kuma ina gefenta har in damƙa ta a hannun ango. Ta ce ni na koya mata zamiya tun tana 'yar shekara huɗu ina riƙe da ita tsakanin ƙafafuna, don haka ni zan kai ta. Na ce to, na miƙe na shiga gareji wai neman sukudireba, domin idona ya ciko kuma ba na so ta gani.

Na san abin da za ki ce. Shekara goma sha ɗaya rabona da zamiya, tun da aka yi mini aikin gwiwa. Na sani, ai gwiwar a jikina take.

Washegari na sa tsani na sauko da jajayen allunana daga rufin gareji, waɗanda na saya a 1982, santimita ɗari biyu da biyar. Na goge su har suna ƙyalli, na kai shagon bakin tafki a gyara mini. Shagon yanzu a hannun Marnie yake, ƙawar Kirrily ta makaranta, wadda ta girma a kan biskit ɗin gidanmu. Ta juya su, ta taɓa maɗaurin da ke riƙe takalmi, sai wani ɓallin roba ya faɗo a kan tebur. Ta ce ba za ta gyara su ba, kuma babu shagon da zai gyara su daga nan har Perth.

"Kawu Neville, ka kafa su a bango saman murhu, baƙi su riƙa tambayar ka labari."

Yarinyar da na sha goge wa majina ke nan. Na haɗiye, na ce to ta nuna mini sababbi. Na miƙe tsaye na ɗaga hannuna sama, yadda kowane mai hankali ke auna allo: inda wuyan hannunka ya tsaya, nan allonka zai kai. Haka babana ya auna ni, haka na auna ki kafin mu yi aure. Sai Marnie ta kama hannun ta sauke mini shi a hankali, ta jingina mini wani abu da bai wuce hancina ba. Glenys, da kin ga abin. Kai faffaɗa, wutsiya faffaɗa, tsakiya siririya, kamar ludayi mai baki biyu. Wai an daina yayin dogaye miƙaƙƙu. Wai mutumin da ba ya bin komai sai daɓaɓɓen gangare, irin wanda katafila ke tajewa kowace safiya, siririn ƙugu yake buƙata don kaifin gefen ya kama ƙanƙara, kuma gajere ya fi sauƙin shan kwana. Na ce mata ni ba sauƙi na zo saya ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Warwick, uban ango, likitan haƙorin nan na Canberra da ya yi ritaya. Shekararsa biyu yana hawa waɗannan ludayan. Ya aiko Callum ya gaya mini cewa in gwiwata ta ƙi, shi a shirye yake ya rako amarya, kada in damu ko kaɗan. Kin ji suruki mai kirki.

Ranar Asabar za a fito da allunan gwaji a kan dutse, mutum ya hau kafin ya saya. Marnie ta ba ni fom in cike tsawona, nauyina, shekaruna, da kuma ko ni mai lallaɓawa ne, ko matsakaici, ko gwani. Zan cike shi cikin natsuwa. Wandon zamiyata kuma ya motse a cikin akwati, ban san da me kika wanke shi ba.

Ki gai da Yaya Beryl, ki ce ina yi mata sannu. Gidan ya yi mini faɗi da ba kya nan.

Mijinki,
Neville.

Jindabyne,
23 ga Yuli, 2001.

Glenys tawa,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta mai jiki, ina fatan sanyin Launceston bai hana ki barci ba. Na sami takardarki. Maganar da kika yi a kan wandon ba ta dace ba, amma na yafe.

Kafin wani ya riga ni, gara ki ji daga bakina. Ba abin da ya karye. Gwiwa lafiya. Zama ne kawai nake yi a gefe guda, kuma likita ya ce jinin da ya kwanta mini a mazaunai zai baje cikin mako biyu.

Ga yadda aka yi. A fom ɗin na rubuta kilo tamanin da biyu, wanda gaskiya ne, na taɓa yin haka. Wajen shekaru na sa arba'in da tara, domin na ji an ce wanda ya haura hamsin sassauta masa maɗauri ake yi kamar wani tsoho. Wajen iyawa kuwa na zagaye gwani har sau biyu. Marnie ta karanta, ta dubi takardar, ta dubi cikina, ta sake duban takardar, ta ce in sa hannu a ƙasa. Na ce ta ba ni mafi tsawo da take da shi. Ta ciro wasu baƙaƙe na 'yan tsere, santimita ɗari da casa'in da uku, masu tauri kamar ƙyauren gareji, ta ce an yi su ne don mai gudu da ƙarfin cinya. Na ce ta kwatanta ni daidai.

Ƙarfe tara ina sama. Katafila ta taje gangaren layi-layi, sanyi ya daskarar da shi, rana ta fito, bishiyoyin turare sun sunkuya da ƙanƙara. Na haɗe ƙafafuna tsaf yadda muka saba, na tura. Wallahi daƙiƙa goman farko na koma ɗan shekara talatin, har na ji ina ma kina ƙasa da filas ɗinki. Sai na ce wa allunan mu yi hagu. Suka ce su ba su san zancen ba. Na ce to dama. Nan ma shiru. Su dai ƙasa suka nufa, kuma sauri suke. Da na ga mun tasar wa shingen nan mai launin lemo na gefen hanya, na tattara duk abin da Allah ya ba ni na murɗa, sai na ji ƙas, allon dama ya rabu da takalmi ya kama gabansa. Na hagu ya ɗan yi mini kara na taku biyu, shi ma ya tafi.

Sauran tafiyar a kan bayana na yi ta, kai a ƙasa ƙafa a sama, kuma daidai ƙarƙashin kujerun da ke hawa da mutane a kan waya. Kin san halin mutanenmu. Kujera bayan kujera suna tafi, wani yana cewa ya ba ni maki takwas, wata mata ta ce in sake don ba ta ciro kyamara ba.

Wa kike tsammani ya kawo mini allunan? Warwick. Ya gangaro a kan ludayansa a natse, ɗaya a kowace kafaɗa, ya tsaya cak a gabana ko ƙanƙara bai watsa mini ba. Da ya yi dariya da na ji daɗi, sai in sami abin riƙewa. Amma sai ya durƙusa ya kakkaɓe mini hula, ya tambaye ni ko na san ranar da muke ciki, ya ce in buɗe baki ya duba haƙora.

Labari ya riga ni isa gida. Da yamma Kirrily ta zo, ba ta ko zauna ba. Ta ce ranar Lahadi 12 ga Agusta za mu gwada saukowar tare, ni da ita, daga sama har filin. In na faɗi ko sau ɗaya, ranar biki a babur ɗin ƙanƙara za a kawo ni, tare da kek da kakar Callum, Warwick ya rako ta. Ta ce ta fi son uba mai gwiwa biyu a kan babur da uba a gadon asibiti. Na so in yi faɗa, sai na ga leɓenta yana rawa irin yadda naki yake yi, na ce na yarda.

Ni dai har yanzu ina ganin laifin maɗaurin ne, kuma zan je in gaya wa Marnie haka. Amma ba zan ɓoye miki ba, Glenys, tsoro nake ji. Ba tsoron faɗuwa ba. Tsoron in zauna riƙe da kek ina kallon wani yana kawo mini 'yata.

A gai da Yaya Beryl. Kada ki karanta mata wannan.

Naki,
Neville.

Jindabyne,
5 ga Agusta, 2001.

Uwargida, ranki ya daɗe,

Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi kewa, da fatan kin tashi lafiya. Na ji daɗi da kika ce Yaya Beryl ta fara takawa da sanda. Ban ji daɗi ba da kika ce dariyar da ta yi wa takardata ce ta tashe ta.

Na je shagon da niyyar rigima, na shirya jawabina tun a mota. Marnie ta bari na gama tas, sannan ta ce in biyo ta ɗakin baya inda suke goge alluna. Akwai wani sikeli a wurin na auna kwalaye. Ta rufe ƙofa, Allah ya saka mata, ta ce in hau. Na cire jaket, na cire takalmi, na ajiye makullan mota. Allurar ta wuce tamanin da biyu ko waiwaye ba ta yi ba, sai da ta kai casa'in da tara.

"Kawu, ni na ɗaure wa mai kilo tamanin da biyu ne, kamar yadda ka sa hannu. Sauran sha bakwai ɗin da ba ka gaya mini ba su suka fizge allon."

Ta ce ta bar ni ne saboda ƙaryar nauyin ta faɗa ɓangaren da allo zai saki da wuri, gwiwa ta tsira. Da ta faɗa ɗaya ɓangaren da ba ta bar ni na fita ba. Na ce to shekarun fa, ai ba a auna su a sikeli. Sai ta tuna mini cewa ita da Kirrily ne suka raba kek ranar da na cika hamsin a zauren 'yan kwana-kwana, shekara takwas da suka wuce, kuma ita ta hura balan-balan masu lamba. Na rasa inda zan sa fuskata. A garin da kowa ya san ranar da aka yi maka kaciya, ban san me ya kai ni ba.

Daga nan ta yaga fom ɗin ta ciro sabo, ta ce wannan karon ita za ta rubuta. A ina nake zamiya? Na ce a daɓaɓɓe kawai, ban taɓa son shiga cikin bishiyoyi ba, ke ma kin sani. Da safe ko da rana? Na ce da safe, kafin ƙanƙara ta narke ta zama kunu. Sai ta ajiye biro ta tambaye ni me nake so allon ya yi mini, ba abin da nake so mutane su gani ba. Na ce ina so in sauko kusa da Kirrily ban faɗi ba, shi ke nan.

Ta ba ni ɗari da saba'in, masu laushi daidai matsakaici, siraran ƙugu, launin ruwan ƙwai. Sun tsaya mini a karan hanci. Na fita da su ta ƙofar baya.

Yanzu ga abin da ke ba ni haushi: suna da daɗi. Kwana bakwai ke nan ina hawa da sassafe kafin 'yan Sydney su gama karin kumallo. Ba a murɗa su, ba a tsalle, ba a yi musu tsawa. Ka ɗan karkata gwiwa su kwanta a gefe, sai su sha kwanar da kansu, su bar layi biyu a baya. Wahalar ɗaya ce, sai ka buɗe ƙafafu. Ni da na shekara talatin ina alfahari ko takarda ba ta shiga tsakanin gwiwoyina, yanzu ga ni ina gangarowa kamar mai ɗauke da bokitin wanki tsakanin cinyoyi. Ranar farko na faɗi sau huɗu, duk saboda na manta na haɗe ƙafa. Jiya sau ɗaya, shi ma a layin hawa kujera ne ina tsaye, don haka ban ƙirga shi ba.

Warwick ya gan ni ranar Alhamis. Ya dubi allunan ya ce irin nasa ne sak, sai dai nasa sun fi da santimita biyar. Na ce masa Allah ya sanya albarka.

Saura mako guda. Ki sa ni a addu'a, kuma ki gaya mini inda kika ɓoye man zafin nan.

Mijinki mai kewarki,
Neville.

Jindabyne,
13 ga Agusta, 2001.

Glenys, abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Yaya Beryl, Allah ya ƙara mata sauƙi. Wannan takarda ita ce ta ƙarshe, tunda ranar Alhamis zan tarye ki a tashar bas ta Cooma. Na wanke mota, na kuma wanke kwanonin da suka taru, kusan duka.

Jiya aka yi gwajin. Kirrily ta ɗaura labulen ɗakin baƙi a ƙugu a madadin rigar amarya, don ta ji yadda doguwar riga za ta yi da iska. Ki yi haƙuri, mai furannin ne. Warwick ya tsaya a ƙasa da agogo a hannu, domin mai busa da aka ɗauko don bikin yana so ya san tsawon waƙar da zai shirya. Callum yana gefensa a inda zai tsaya ranar.

Muka hau kujera zuwa sama. Ɗaya gwiwar da ba ta taɓa ciwo ba ma ta fara. Da muka sauka a sama Kirrily ta gyara mini igiyar hula, ta ce in bi numfashina kada in kalli ƙasa. Maganata ce, ni na gaya mata ita tana ƙarama. Muka tura.

Ban faɗi ba, Glenys. Ko tangaɗi ban yi ba. Ta yi hagu na yi hagu, ta yi dama na yi dama, labulenki yana kaɗawa, allunan suna yanka ƙanƙara da wani ɗan sauti mai daɗi. A wurin da na yi abin kunyar nan na wuce shingen ko kallonsa ban yi ba. Kafin in ankara sai ga filin, ga Callum yana washe baki, na ja birki na tsaya cak kusa da ita. Warwick ya danna agogo ya ce minti huɗu da daƙiƙa goma, ya miƙo mini hannu, kuma na ga har zuciyarsa ya yi murna. Mutumin kirki ne, ya zan yi.

Ya kamata in yi tsalle don murna. Amma ban yi ba. Minti huɗu. Shekara ashirin da bakwai muna rainon yarinyar nan, kuma daga inda zan ɗauko ta zuwa inda zan miƙa ta minti huɗu ne da 'yan daƙiƙoƙi. Ni da na zo duniya ina neman allon da ya fi kowanne gudu, na tsaya a wurin ina tunanin ko Marnie tana da wanda ya fi wannan rashin sauri.

Na ce a sake, wai don a tabbatar. Wannan karon na riƙa shan kwana mai faɗi, daga wannan bakin gangaren har wancan, in je in taɓo bishiyoyin hagu in dawo in gai da na dama. Allunan ba su yi gardama ba, duk inda na ce nan suke bi. Kirrily ta yi gaba, ta waiwayo, ta rage gudu har na iso. Ta ce, "Baba, ai za ka iya fin haka sauri, yanzu na gani." Na ce gwiwa ce nake lallaɓawa. Ta dube ni ta cikin tabarau ɗinta, ta daɗe, na ga hancinta ya yi ja, kuma ba sanyi ba ne.

"To mu lallaɓa ta," in ji ta. "Su jira."

Ta dawo gefena ta kama hannun rigata, muka riƙa kai da kawowa tare, yara 'yan koyo suna wuce mu. Da muka iso Warwick ya ce minti goma sha ɗaya, kuma mai busa ba shi da numfashin da zai kai haka. Kirrily ta ce to ya nemo na biyu su riƙa karɓeɓeniya.

Ki taho da safar hannu mai kauri da babban filas, domin ranar Asabar za ki daɗe a tsaye a filin nan kina jiran mu. Ki gai da Yaya Beryl, ki ce mata za a aiko da hotuna. Sai na gan ki.

Mijinki,
Neville.